Igiyar Guga a Ƙugun Luba

Awaki uku ne a cikin wurin wankan. Isufu tela ya tsaya a baki yana kallonsu, su ma suna kallonsa suna tuƙa. Rami ne mai faɗi, an shafe shi da siminti an yi masa shuɗin fenti, ga tsanin ƙarfe yana gangarawa har cikin kashin awaki. Sojan Faransa suka gina shi don manyansu su riƙa iyo. Da Aljeriya ta karɓi ƙasarta suka tashi tafiya, sai suka kwance injin jawo ruwa suka tafi da shi, suka bar tsanin.

"Na faɗa maka tun daga ƙofa," in ji mai gadin da Larabci. "Ka ce sai ka gani."

"Ba ya taɓa cika?"

"In an yi ruwan sama mai ƙarfi."

"Yaushe aka yi na ƙarshe?"

Mai gadin ya yi ɗan tunani. "Ɗana yana goye lokacin. Yanzu yana lekkol, yana karatu."

Isufu ya yi godiya, don an koya masa godiya ko ba a ba shi komai ba, ya kama hanyar gari. Wannan ne wuri na ƙarshe da ya sani a Tamanrasset. Da sassafe ya fara zuwa otal, aka nuna masa wani baho da mutum ba zai miƙe ƙafa a ciki ba.

Matarsa Luba tana kwance tun kafin azumi. Suna dawowa daga ganin gida ne kamiyon da suka hau, babbar motar kaya, ya kife bayan Ingizam, buhunan gero suka danne ta, ƙashin kwatangwalonta ya karye. Ƙashi ya haɗe. Amma ƙafar ta sirance, kuma idan aka tayar da ita ta taka sai ta yi ƙara ɗaya ta zube. Daga baya ta daina yarda a tayar da ita. Yanzu ta juya fuska ga bango, fura ma sai ta kurɓa ta ture kwanon.

Jiya Isufu ya koma asibiti. Likitan saurayi ne daga birnin Alje, an turo shi sahara kuma har yau bai yafe wa kowa ba.

"Ƙashi ba shi da laifi," ya ce. "Naman ne ya manta aikinsa. A ƙasa nauyinta duka yana sauka inda ya karye, sai ta ji zafi, sai ta ji tsoro, sai ta kwanta. A cikin ruwa kuwa ba ta da nauyi. Ruwa zai ɗauke ta, ƙafar ta yi aiki ba da kaya a kanta ba. Numfashi zai buɗe, zuciya ta yi ƙarfi, ta ji yunwa, ta yi barci. Da a Alje ne kullum sai na sa ta cikin ruwa. Ta iya iyo?"

"A'a," in ji Isufu, da irin tabbacin da maza ke amsa tambaya a kan matansu.

"Ko tafiya ta yi a ciki ya isa."

"In kuma ba a samu ba?"

"Ba ƙafar ce za ta kashe ta ba. Kwanciyar ce."

Likitoci suna da baiwar rubuta maganin da babu shi a garin da suke zaune. Isufu ya fito da nasa a ka, ba tare da takarda ba.

Kuma lokaci ba nasa ba ne. Ƙanin Luba, Mika'ilu, ya zo daga Madarunfa da saƙon uwarsu: a kawo ta gida. Kamiyo zai tashi gobe da asuba. Isufu ya san abin da tsohuwar take nufi. Tana son 'yarta ta cika a kan tabarmarta, ba a ɗakin haya a ƙasar wasu ba. Luba ba ta ce ƙala ba, wato ta yarda.

A bakin kasuwa ya ci karo da Sha'ibu, ɗan Agadas mai tsohuwar mota, wanda ke kawo tumatir da albasa daga lambunan Tit.

"Tela, lafiya? Ka yi fuska kamar ka yanka yadin amarya a karkace."

"Ruwa nake nema."

"Ga tulu can."

"Wanda mutum zai shiga har ƙirji."

Sha'ibu ya buɗe baki zai yi dariya, ya dubi idon Isufu, ya fasa. Da ya ji bayani sai ya cire hula ya sosa kai.

"Akwai a cikin duwatsu, amma sai an hau da hannu da ƙafa. Kuma nan makiyaya ke sha. Ka tsoma mutum a ciki ka ga abin da zai same ka." Ya mayar da hular. "Sai dai Tit. Ruwansu ta ƙarƙashin ƙasa yake zuwa, siriri kamar zarenka, kuma kowane mai lambu da ranarsa. Mai rana sai ya toshe matarar ruwansa ta yi ta taruwa, da la'asar ya buɗe ya shayar da shuka. Yau ranar tsoho Barka ce, tasa ta fi ta kowa girma."

"Ka kai mu."

"Da la'asar yake buɗewa fa. Ko gwamna ba ya jira."

"Shi ya sa na ce ka kai mu."

Ɗakin yana warin man zafi da jikin da ya daɗe a kwance. Luba tana nan yadda ya bar ta. Mika'ilu yana zaune a ƙofa yana ɗaure ƙullin kayanta.

Isufu ya durƙusa a bakin katifa. "Luba. Na samo ruwa."

Fuskarta tana ga bango.

"Wanda likita ya ce. A Tit yake, a lambu. Babba ne, mutum zai shiga ciki."

Sai ta juyo. Ya manta rabon da ya ga fuskarta duka a lokaci ɗaya. Idanun sun faɗa, leɓen ya tsage.

"Zurfinsa fa, Malam?"

"Kada ki ji tsoro," ya ce da sauri. "Ina nan. Ba abin da zai same ki."

Ta dube shi kamar za ta ƙara magana, sai ta ce kawai, "Miƙo mini zanen nan."

Isufu ɗan wani ƙauye ne a arewacin Damagaram. A garinsu ruwa abu ne da ke ƙasan rami mai duhu, ana aika masa guga da igiya, kuma duk wanda ya je wurinsa da kansa gawarsa ake jawowa. Don haka kafin ya fita ya je bakin rijiyar gidan ya kwance igiyar guga, ya naɗe ta ya rataya a kafaɗa. Ya ɗauko kuma turmin yadi na wani mai ɗinki, don a kare ta daga idon mutane.

Shi da Mika'ilu suka ɗauke ta da katifar suka shimfiɗa a bayan mota, tsakanin kwandunan da babu komai a ciki. Hanyar Tit duk duwatsu ce. Duk ramin da motar ta faɗa sai Luba ta cije zane, Isufu kuma ya dubi rana.

Barka baƙin tsoho ne mai rawani, ƙafafunsa sun tsattsage kamar ƙasar da yake nomawa. Ya ji Hausa tun yana bin ayarin gishiri zuwa Damargu. Ya saurari Sha'ibu har ƙarshe, yana riƙe da fartanya, bai ajiye ta ba.

A bayansa matarar take. Isufu bai taɓa ganin ruwa mai yawa haka a buɗe ba tun da ya zo ƙasar nan. Kore ne, shiru, inuwar dabino ta kwanta a kansa.

"Ruwan alkama ne," in ji Barka.

"Baba, ba za ta rage shi ba," in ji Isufu.

"Na sani. Kun ga dutsen can? Idan inuwar dabinon nan ta taɓa shi zan cire toshiya. In na yi jinkiri dare zai same ni, maƙwabcina kuma ya karɓi ruwa kafin in gama." Ya nuna bakin matarar da fartanya. "Sannan ba a taka ƙasanta. Laka ce, da hannuna na daddaɓe ta. Ƙafa ɗaya ta huda ta, ruwan zai tsiyaye ƙasa, na yi asarar shekara. Ko ɗana ba ya shiga."

Isufu ya dubi ruwan. Tafiya a cikin ruwa likita ya ce. Shi ma ya yi niyyar ya shiga ya riƙe ta, ko da tsoro zai kashe shi.

"Baba, a hankali za ta taka. Dube ta, ba ta da nauyin da zai..."

"Ba a takawa."

"Don Allah, Baba. Gobe za a tafi da ita."

"Don Allah nake gaya maka. Ba a takawa."

"Ba zan taka ba."

Luba ce ta yi maganar daga kan katifa. Tsohon ya matso ya dube ta, ya daɗe yana dubanta.

"'Yar ina ce ke?"

"Madarunfa, Baba."

Barka ya taɓa yada zango a can da raƙuma, ya san tafkin garin. Ya ɗaga kai ya dubi inuwar dabino, ya saɓa fartanyarsa ya yi cikin alkama. Sha'ibu ya bi shi.

Suka ɗaura yadin tsakanin itatuwa biyu, suka zaunar da ita a bakin ruwa. Isufu ya sauke igiyar daga kafaɗa ya soma zagaya ƙugunta da ita.

"Mijin Yaya," in ji Mika'ilu, "rijiya za ka yasa?"

"Ka yi mini shiru."

"Yaya, kina gani zai ɗaure ki kamar guga? Ke?"

"Bar shi ya ɗaura," in ji Luba. "Koma bayan yadi."

Mika'ilu ya koma yana girgiza kai. Isufu ya yi ƙulli, ya ƙara wani a kai, irin ƙullin da ubansa ke yi wa masu shiga rijiya. Ya naɗe ɗaya bakin a hannunsa har yatsunsa suka yi fari.

Ta zura ƙafa mai lafiya, ta kama mara lafiyar da hannu biyu ta sauke ta. Sanyin ya sa ta ja numfashi. Ta yi bismilla, ta sulale.

Ruwa ya rufe kanta.

Isufu ya fizgi igiyar da duk ƙarfinsa. Luba ta taso a karkace, ƙugunta a sama, fuskarta a ƙasa, ta bugi bakin matarar da kafaɗa. Ta ɗago tana tari, ruwa yana fita ta hanci, ta kama gefen da hannu ɗaya.

"Fito," ya ce. "Fito, na yi kuskure. Mu koma."

"Sake ni."

"Kin nutse, na gani."

"Ban nutse ba, shiga na yi. Malam, igiyar nan a kan karayar take. Duk ja ɗaya kamar an sake karya ni."

Ta sa yatsu tana neman kwance ƙullin. Ya jiƙe ya ƙara ɗamewa, ba zai kwance ba. Ta bari, ta ɗago kai.

"Sai dai kai ka saki naka bakin."

"In na saki ba ni da yadda zan yi in ciro ki. Ban iya ba, Luba. Tsayawa zan yi ina kallo."

"To ka tsaya ka kalla."

Ya waiwaya. Inuwar dabino ta ci rabin hanya zuwa dutsen. Ya dubi hannunsa, ya soma warware igiyar daga yatsunsa. Bakin igiyar ya zame ya faɗa ruwa.

Luba ta saki gefen ta kwanta rigingine. Ba ta nutse ba. Ruwan ya riƙe ta, zanenta ya baje, idonta a rufe. Ta daɗe a haka tana numfashi, ƙirjinta yana hawa yana sauka sosai, ba irin guntun numfashin da take yi a ɗaki ba. Sannan ta kife, ta miƙa hannu ta jawo ruwa, ta miƙa ɗayan. Ƙafa mai lafiya ta buga. Mara lafiyar ta biyo baya kamar ba tata ba. Ta kai wancan gefe, ta taɓa da yatsa, ta juyo. A dawowa Isufu ya ga siririyar ƙafar ta lanƙwashe a gwiwa, ta miƙe. Ta sake lanƙwashewa. Igiyar tana binta a baya, ba ta riƙe kowa ba.

"Ta tafi?" in ji Mika'ilu daga bayan yadi.

Idon Isufu yana kan ruwa.

"Ai ina jin ƙarar ruwan. Tun tana ƙarama Baba ke jefa ta daga kwalekwale. In taru ya maƙale a ƙasan tafki ita ake turawa ta kwance shi, mu maza muna sama muna riƙe mata zane. Ba ta taɓa gaya maka ba?"

"Ban tambaya ba."

Shekara goma da wani abu suna tare. Ya san awon kafaɗarta da na ƙugunta ba tare da ya ɗauko magwaji ba, ya san ba ta son kanwa a miya. Ya ɗauko ta daga bakin tafki ya kawo ta inda ake wanka da buta, kuma bai taɓa jin ta yi ƙorafi ba, shi ya sa ya ɗauka ba ta rasa komai ba. A tsakiyar matarar ta nutsa da gangan, ta ɓullo can gaba tana furzar da ruwa, ta yi wata dariya da bai san tana da ita ba.

Inuwa ta taɓa dutse. Barka ya fito daga cikin alkama, ya tsaya nesa ya ba su baya. Ya kwance rawaninsa, wanda babu abin da ya same shi, ya sake naɗa shi a hankali. Da ya gama ya yi gyaran murya.

"Lokaci ya yi."

Suka ciro ta su biyu. Tana barin ruwa nauyinta ya dawo, fuskarta ta yamutse. Amma ta dafa kafaɗar Isufu ta ce, "Tsaya." Ta sauke ƙafar a ƙasa, ta ɗora mata kaɗan daga nauyinta. Ba ta yi ƙara ba. Ta ɗan jima a tsaye tana karkarwa, sannan ta ce a zaunar da ita. Sai da Mika'ilu ya sa haƙori kafin ƙullin ya saki.

Barka ya leƙa matarar, ya ga ruwan bai gurɓace da laka ba, ya gyaɗa kai. Ya cire toshiya. Ruwan ya kwarara cikin ƙananan hanyoyi ya bazu a gindin alkama.

"Akwai abin ci?" in ji Luba.

Sha'ibu ya kawo tumatir da dabino a hula. Ta cinye tumatir har ruwansa yana bin haɓarta, ta ce a ƙaro. Isufu yana kallonta. Ya tashi ya bi tsohon cikin lambu.

"Baba, gobe mu dawo?"

"Gobe ranar maƙwabcina ce. Matararsa ba ta kai gwiwa ba."

"Ranarka fa?"

"Sai kowa ya sha ta zagayo kaina. Kuma zafi yana zuwa, ruwan ja da baya yake yi. Yadda ka gan ta yau, ba za ta sake cika haka ba sai baɗi."

Ya dawo ya tarar matarar ta sauka, baƙar laka ta fara bayyana a gefe. Luba tana lulluɓe da yadin mutane tana kallonta.

"Malam," ta ce, "zan bi Mika'ilu."

Ya zauna a ƙasa. "Kin ga ƙafar ta motsa. Kin tsaya a kanta. Zan nemi wani wuri, akwai Tazruk, akwai..."

"Tafki yana bayan gidanmu. Ba shi da rana, ba a cire masa toshiya."

"Hanyar da ta karya ki za ki sake bi."

"Ita ce. Da safe na yarda in bi ta don in mutu kusa da Inna. Yanzu ba don haka ba ne." Ta share haɓarta da gefen yadin. "Ka taho mu tafi. Ana sa riga a Madarunfa ma. In koya maka shiga ruwa."

"A ɗaura masa igiya dai," in ji Mika'ilu.

Ba wanda ya yi dariya. Isufu ya dubi lakar.

"Na karɓi ɗinkin Sallah na mutane. Ba zan gudu da kayansu ba. Bayan Sallah."

"Bayan Sallah," ta maimaita.

Rabin Hausawan Tamanrasset bayan Sallah za su koma gida. Wasu sun faɗi haka tun zamanin Faransa, wasu suna maƙabartar bayan gari. Luba ta san su, ta sha dafa musu abinci.

A hanyar dawowa ta yi barci, duk da duwatsun, bakinta a ɗan buɗe. Isufu ya riƙe kanta kada ya bugi kwando. Ya yi ta tunanin abin da zai faɗa ya tsayar da ita, kuma duk abin da ya samo, likita ya riga ya ba da amsarsa jiya.

Kafin magariba ana lodin kamiyo a tasha. Isufu ya roƙi direba a ba Luba wuri bayan kan mota, inda girgiza ba ta da yawa, nesa da buhuna. Shi da kansa ya hau ya shimfiɗa katifar, ya sauke igiyar daga kafaɗarsa, har yanzu da danshi, ya ɗaure katifar da ƙarfen motar ta kowace kusurwa. Ya ja, ya ƙara ƙulli.

Mika'ilu ya hau ya gwada ƙullin da yatsa.

"Mijin Yaya, wannan ai ba zai kwance ba."

"In kun isa kada ku tsaya kwancewa," in ji Isufu. "Ku yanke."